Numfashin da Na Yanke

Ni mutum ne da ba ya ƙaunar hayaniya, sai Allah da ikonsa ya sa abincina a cikin sauti. Shekara goma sha biyu na yi ina ɗaukar muryoyin mutane a gidan rediyo a Garuwa, zamanin shugaban ƙasa na farko, lokacin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina su koma da auduga. Ban yi wani dogon karatu a kan aikin ba. Wani Bature ne ya koya mini na 'yan watanni, ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar mini na'urar ɗaukar murya guda biyu, da makirufo uku, da ɗaki ɗaya mai amsa-kuwa kamar tsohuwar rijiya. Sauran dabarun duk ni na ƙirƙiro abina, kuma ba zan ɓoye ba, na ji kaina da su fiye da kima.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne jikan fatake, atamfa yake sayarwa. Har ya bar duniya bai yarda aiki nake yi ba. In aka tambaye shi sana'ar ɗansa sai ya ce, "Yana can yana kama iska yana zubawa a akwati." Da zai leƙa ɗakin aikin nawa da ya ƙara samun abin faɗa, don rabin kayan da ke ciki daga madafar mahaifiyata suka fito.

Akwai turmi. Kujerun ofis duk kuka suke yi, makaɗi ya ɗan gyara zama sai ka ji ƙara a tsakiyar waƙa. Sai na kifa turmi na ɗora masa buzu, duk wanda zai yi mini kiɗa a kansa zai zauna, ko da kuwa da babbar riga ya zo. Akwai rariya, wadda na cire wa raga na ɗaura mata tsohon ɗankwalin matata mai shara-shara. Ita nake tsayarwa tsakanin bakin mawaƙi da makirufo, ta tare iskar da ke bugowa in mutum ya buɗe baki da ƙarfi. Mata sai sun tuɓe awarwaro a bakin ƙofa, maza su cire takalmi, kowa ya zubar da goron bakinsa. Fanka kuwa a kashe take in ana ɗauka, ko da a watan da Garuwa ke dafa mutum da ransa. An zage ni a kan fankar nan da Hausa da Fulatanci da Faransanci, ban taɓa kunnawa ba.

Abin da na fi ji da shi randa ce. Ranar da na je sayenta sai da na cusa kaina a randuna wajen goma sha, kowace in yi sallama a cikinta in saurari yadda za ta amsa. Matar da ke sayarwa ta ja 'yarta gefe, ta tabbata na samu taɓi. Wadda na zaɓa baƙa ce, mai ƙaramin baki, ginin matan ƙauyukan kan dutse. In na rataya ƙaramin makirufo a bakinta na ajiye ta taku uku daga mawaƙi, sai ta ba murya wani kauri da zurfi da ba ka samu a fili. Da ruwa nake saita ta. Goge na son ta rabi, muryar mace na son ƙwarya biyu kawai, ganga kuwa ba ta shiri da ita sam. Wani injiniya da ya zo daga kudu ya ganta ya yi dariya har da riƙe ciki, bayan ya saurara kuma ya tambaye ni inda ake sayarwa.

Sai reza. A lokacin a kan tef muke ɗauka, dogon zare mai faɗi naɗe a faifai, wanda mu a wurin aiki muke kira bandi. In mutum ya yi tari ko ya yi tuntuɓen harshe, sai ka juya faifan da hannu a hankali, gaba da baya, har ka ji daidai inda tarin ya fara, ka yi alama, ka nemo inda ya ƙare, ka yanke, ka haɗa bakin biyu da farin salatif. Ni da fensirin kwalli na mata nake alamar, don ba ya gogewa kuma ba ya cin tef. Katakon da nake yanka a kai wani kafinta ya fafe mini shi. A wannan fanni, in faɗi gaskiya, ban san na biyuna ba a duk arewa. Na cire wa manya "to, to, to" daga jawabansu har suka ɗauka su masu fasaha ne. Na tsani tari, na tsani haɗiyar yawu, na tsani jan numfashi. A wurina duk datti ne, kuma aikina in wanke.

Amsa-kuwar ɗakin ce ta haɗa ni da abokina. Na rasa yadda zan kashe ta, sai tunani ya zo mini in lulluɓe bangon da auduga. Na je masana'antar gurzar auduga na roƙi ragowar da ba su so, aka haɗa ni da wani ma'aikaci ya turo mini a amalanke. Dogo ne siriri, Kirista, daga wani ƙauye a duwatsun Mokolo, kansa da gashin idonsa duk fari fat da ƙurar auduga kamar wanda ya faɗa a garin tuwo. Da muka iso bai ajiye ya tafi ba. Ya tsaya ya taya ni ɗura audugar a buhunan gwado muna kafawa a bango da ƙusa, har la'asar. Da muka gama na tafa hannu don in ji ko ɗakin ya mutu, sai shi kuma ya buɗe baki ya rera wani abu da yarensu.

Na tsaya da guduma a hannu. Muryar ba ta da zaƙi irin na mawaƙan gari, tana da ɗan kaushi, amma tana zuwa kai tsaye ta zauna maka a ƙirji.

Na ce, "Kai Ɗan Dutse, ina ka samo wannan?"

Ya ce, "A gida, Malam. Can kowa yana yi. Awaki ma suna yi."

Daga ranar sunan ya bi shi a bakina. Ni kuma da ya ga yadda nake daka wa mutane tsawa kafin in kunna na'ura, sai ya laƙaba mini Malam Shiru, ya kuma yaɗa shi har gidanmu.

Yana da wani abin kiɗa nasu mai tsarkiya biyar, ƙoƙonsa na itace an rufe da fatar akuya, wuyansa a lanƙwashe kamar baka. Mu a gari molo muke ce masa don ba mu iya faɗin sunansa ba. Ranar Lahadi in ya taso daga majami'a yakan biyo ta gidanmu da shi a rataye. Mahaifiyata ta dama masa fura, ya zauna a zaure yana kaɗawa yana tsokanar mahaifina cewa atamfarsa ba ta kai wanki biyu. Tsohon da ba ya dariya da kowa, da shi yake yi. Ni ma nakan je gidansa a bayan masana'antar, matarsa ta soya mana gyaɗa, 'yarsu tana rarrafe a tsakaninmu. Matar ba ta da yawan magana. Za ta gaishe ka, ta ajiye abin da ta kawo, ta koma gefe tana aikinta tana saurare.

Shekara shida muna tare, ban taɓa ɗaukar muryarsa ba. Wannan ita ce kunyata ta farko. Na ɗauki masu goge da masu algaita, na ɗauki 'yan makaranta, na ɗauki jawabin yadda ake fesa wa auduga magani ya fi a ƙirga. Shi kuwa kullum sai in ce, "Bari shef, shugaban gidan rediyon, ya ba ni sabon bandi, zan yi maka na musamman." Shi kuma ya ce, "Ba gaggawa, Malam Shiru, ina nan." Na ɗauka yana nan ɗin.

Ƙurar auduga ce ta cinye masa ƙirji. Da fari tari ne na ranar Litinin, in ya koma aiki bayan hutu. Daga baya ya zama na kullum. Sai wani sauti ya shigo numfashinsa, wani siririn fito mai biye da kowace shaƙa, kana jin sa tun daga ƙofar zaure. Ya je asibiti aka ba shi ƙwayoyi, ya sha saiwoyi, mahaifiyata ta haɗa masa zuma da citta. Yana ramewa muna kallo, muna ce masa ya yi kyau.

Wata Lahadi ya zo bai taɓa furar ba. Ya ce, "Malam Shiru, na bar aiki. Sati mai zuwa za mu hau dutse, ni da madam da yarinya. Iskar can ta fi."

Na ce, "Madalla, ai za ka warke ka dawo."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Soobaajo, abokina, kada mu yi wa juna ƙarya. Ka sa ni a akwatin nan naka. Yarinyar nan shekararta uku. Nan da kaɗan ba za ta tuna ko ubanta yana da murya ba. Malamin majami'armu a ƙauye yana da rediyo mai kaset, za a riƙa sa mata."

Na tashi na shiga cikin gida kamar zan ɗauko wani abu, na tsaya a bayan rumbu har idona ya bushe.

Tef ya yi wuya a shekarar, daga ƙasar waje yake zuwa, sai ya biyo ta kudu kafin ya iso mu. Faifai ɗaya tak na samu, tsoho, na goge jawabin da ke kai. Muka shiga ɗakin ranar Laraba da tsakar rana, lokacin da tashar ke rufewa kafin shirin yamma. Na zaunar da shi a kan turmi, na tsayar da rariya, na zuba wa randa ruwa ina ragewa har na ji ta karɓi muryarsa. Na kashe fanka. Ko a ranar, da mutum mai neman iska a gabana, na kashe fanka. Na ɗaga hannu zan ce a yi shiru, sai ya riga ni, ya ce, "Silans!" da muryar shef, muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Waƙa huɗu ya yi. Ta farko ta girbin gero ce, ta biyu ta majami'a da Hausa, ta uku wata doguwa da yarensu wadda ya ce ta masu barin gida ce. Ta huɗu ta yarinyar ce, ya ƙirƙire ta da kansa, yana kiran ta yana gaya mata kada ta ji tsoron akuyar kakarta. Amma numfashi ba ya isarsa. Sai ya rera layi ɗaya ya tsaya, yatsunsa suna ci gaba da kiɗa, shi kuma yana jan iska da wannan fiton, sau biyu, sau uku, kafin ya kama layi na gaba. Ina zaune da abin saurare a kunne, kowace shaƙa tana shigar mini har ƙwaƙwalwa. Makirufo ba ya da kara. Abin da kunne ke yafewa a zaure, shi sai ya ɗauko shi ya ajiye maka a gaba. Gumi ya jiƙe mu sharkaf. Da ya gama ta huɗun ya jingina da buhun audugar da shi ya kafa da hannunsa, ya rufe ido.

Na mayar da faifan baya na sa masa. Ya saurara yana kaɗa kai, sai ya yi dariya ya ce, "Kai! Kamar zugazugin maƙera." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce in cire ba. Na sha gaya wa kaina cewa ya ce, amma bai ce ba.

Na ce masa ya bar mini faifan in gyara in juye a kaset, zan aika masa. Ranar Asabar na raka su tasha. Ya miƙo hannu ta tagar mota ya ce, "Useko, na gode, Malam Shiru," motar ta tashi.

Daga nan na zauna wa aikin. Yanke numfashi daga waƙar da ake kiɗa a ƙarƙashinta ba wasa ba ne, don in ka cire shaƙar ka cire kiɗan da ke tare da ita, waƙa ta yi ɗingishi. Amma ni na daɗe da gano wani abu: kiɗan mutanen dutse zagaye yake yi, yatsu su bi tsarkiya biyar su dawo inda suka faro, su sake. In ka yanke zagaye guda cif, daga kan tsarkiya mai kauri zuwa inda ta sake bugawa, ba wanda zai ji an taɓa. Shi kuma da yake makaɗin gaske ne, ko a cikin wahala hutunsa bai saɓa zagayen ba. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, alama da kwalli, reza, salatif. Kowane yanki na cire sai in sake shi ya faɗa kwandon shara a ƙarƙashin tebur.

A ƙa'ida, ba a yanka faifan asali sai an juye shi a wani. Na san wannan sarai, Baturen nan ya nanata mini. Amma ba ni da wani faifan, kuma ni ne fa, wanda bai taɓa ɓata tef ba. Mako biyu na yi ina wannan aiki a duk lokacin da ɗakin ya zama nawa. Da na gama na saurara daga farko, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ga abokina nan yana rera waƙa layi bayan layi ba tsayawa, kamar ranar da ya turo amalanke. Na ce a raina na mayar masa da lafiyarsa. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na juye a kaset na sa a aljihun tebur ina jiran mai zuwa Mokolo wanda na yarda da shi.

Kafin in samu, labari ya riga ni. Wani abokin aikinsa ne ya tare ni a bakin kasuwa ya ce ai an binne shi tun ranar Talata. Bai kai wata biyu a dutsen ba. Na zo gida na faɗa, mahaifina ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ranar bai koma rumfa ba.

Bayan an share makoki matar ta sauko Garuwa don ta kwashe sauran kayansu, ta bar yarinyar wurin kaka. Ta zo ta same ni a wurin aiki da hantsi, da baƙin ɗankwali, ta rame ita ma. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, ta amsa da kai. Na kai ta ɗakin, na ba ta kujera, ta ce ita a ƙasa za ta zauna. Na sa faifan a babbar na'ura don ta ji shi da kyau, na koma gefe na harɗe hannu. Ina jiran ta yi kuka, in faɗi gaskiya, ina kuma jiran ta gode mini.

Ta saurari ta farko ba ta motsa ba. A tsakiyar ta biyu ta ɗago kai ta dubi lasifikar, ta dube ni. Da aka shiga ta uku sai ta ce, "Malam, tsaya."

Na tsayar.

Ta ce, "Muryarsa ce. Amma wannan mutumin ba ya numfashi."

Na yi mata bayani, har da ɗan murmushi. Na ce ai na gyara ne, na cire wahalar, don yarinya ta ji babanta da ƙarfinsa. Na nuna mata katakon da rezar, na nuna mata fararen gaɓoɓin da ke jikin tef ɗin, kamar mai nuna gonar da ya nome.

Ta ce, "Yarinyar ba ta san shi da ƙarfinsa ba. Da wannan fiton ta san shi. In ya taso daga aiki, tun yana kwanar masallaci take jin sa, ta rarrafa bakin ƙofa. Ni ma da shi nake sanin in ɗora ruwan wanka." Ta ci gaba da cewa, "Da ya kwanta ciwo a dutse, ina tsakar gida ina daka, kunnena yana ɗaki. Muddin ina jin sa, na san yana nan. Ranar da na daina ji, na ajiye taɓarya."

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan ba. Ta ce, "Ka mayar masa, Malam. Ba na son gyaran."

Na durƙusa na jawo kwandon, ko da yake na san abin da zan gani. Ɓawon gyaɗa ne a ciki da takardar jiya. Mai shara yana kwashewa duk Asabar ya ƙone a bayan gini, kuma Asabar nawa ta wuce. Na fita na je bayan ginin duk da haka, na tona tokar da tsinke, ma'aikata suna kallona ta taga. Na dawo da baƙin hannu. Kunya ta hana ni gaya mata gaskiya. Na ce mata gutsattsarin suna wani wuri, ta ba ni kwana huɗu. Ta ce za ta kai Juma'a a gari.

Abin da na yi a kwana huɗun nan shi ne mafi gwanintar aikin da na taɓa yi, kuma shi na fi jin kunyarsa. A farkon kowace waƙa akwai inda ya yi kiɗa zalla kafin ya fara rerawa. Na roƙi guntun tef a wurin abokin aikina, na juyo waɗannan zagaye, na buɗe gaɓoɓin da na haɗa, na mayar da hutun a gurbinsa gwargwadon yadda na tuna. Saura numfashin. Na zauna a kan turmi, na sa randa a inda take ranar, da ruwanta daidai, na sa faifan yana tafiya a na'ura ɗaya ina ɗauka a ɗayar, duk inda ya tsaya sai in ja iska a madadinsa. Na matse maƙogwaro, na gwada ta hanci, na gwada ta tsakanin haƙora. Har guntun auduga na ciro daga bango na riƙe a bakina don ya shaƙe ni. Na daɗe ina jin fiton nan, na san hawansa da saukarsa. A rana ta uku na same shi. Na kira abokin aikina wanda ya san marigayin, na sa masa ban ce komai ba, ya ce, "Allah sarki, kamar yana ɗakin." Sai hankalina ya ɗan kwanta.

Ranar Juma'a da safe ta dawo, da ƙunshin kayanta, daga nan tasha za ta wuce. Ta zauna a inda ta zauna. Na sa sabon kaset ɗin, na juya baya ina gyara abin da bai lalace ba, don ba zan iya kallon ta ba.

Kiɗa ya fara, ya rera layin farko, ya tsaya, shaƙar ta zo. Ta biyu ta zo. Ba ta ce in tsaya ba. Ta bar waƙar girbi ta ƙare, ta majami'a ta ƙare, ta masu barin gida ta ƙare, har ta yarinyar. Na fara cewa a raina na tsira. Da kaset ɗin ya ƙare na juyo, na ga hawaye a fuskarta, amma ni take kallo, ba lasifikar ba.

Ta ce, "Ka sha wahala, Malam."

Na ce, "Ba komai, Madam, ai dole ne."

Ta ce, "Shi in ya ja iska, ba ta isarsa. Wannan tana isarsa, yana dai yin kamar ba ta isa ba." Ta share fuska da bakin ɗankwali. "Naka ne. Nasa da ka yanke sun ɓata ko?"

Na ce, "An ƙone su." Sai na zauna a ƙasa ni ma, na gaya mata duka, da faifan da ban juye ba, da kwandon, da tokar, da audugar da na sa a baki. Na ce ta yafe mini. Na yi kuka a gaban matar abokina kamar ba namiji ba, ita ce ma take ce mini in yi haƙuri.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce in kawo mata na farkon, wanda na wanke. Na ɗauko daga aljihun tebur na ba ta, ta naɗe shi a cikin zane ta cusa a tsakiyar ƙunshinta. Na miƙa mata na biyun ma, na ce ko don yarinya, ita ai ba za ta gane ba.

Ta ce, "Shi ya sa ba zan kai mata ba."

Ta ɗora kayanta a ka, na raka ta har bakin titi. Kafin ta tsallaka ta juyo ta ce, "In ta tambaye ni me ya sa babanta ba ya hutawa a waƙar, zan ce mata yana sauri ne ya gama kafin a kira shi."